Ki Sakar Mata Nauyinki

Ni ce mai ƙirga, ita ce mai ji. Haka muka taso ni da ƙanwata. Shekara biyu na ba ta, amma in kiɗa ya tashi takan riga ni sanin inda ya nufa. Ni sai na ƙirga ɗaya zuwa takwas, na sake ƙirgawa, kafin ƙafata ta yarda ta ɗaga, ita kuwa tuni kafaɗarta ta tafi. Muna yara mukan ture kujeru gefe mu buɗe fili, in tsara mata taku, ta gwada, ta karkatar da shi ta wata hanya da ta fi tawa kyau, sannan ta juyo tana haki ta ce, "Yaya, a sake." Duk zamanmu babu kalmar da na fi ji daga bakinta kamar wannan.

Da muka girma, ni na riƙi rawa sana'a. Na koye ta a gaban malamai, na fara koyarwa, daga baya na shiga tsarawa. Ita ta kama wani aikin daban, amma duk sabon takun da ya faɗo mini a rai, a jikinta nake fara ganinsa. In ta yamutsa fuska na san akwai gyara. In ta yi shiru ta maimaita shi ita kaɗai, na san ya zauna.

Tana da shekara 26 ƙodarta ta gaza. Wata goma sha huɗu muka yi muna zaryar wankin ƙoda, sau uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu tana jone da inji. Wanda bai yi jinyar irin wannan ciwon ba ba zai san yadda mutum ke fitowa daga wankin ba: jini ya sauka, jiri, jijiyoyin ƙafa suna ɗaurewa, ga ƙishirwa, ga shi an ƙayyade ruwan da za a sha. A watannin ƙarshe ba ta iya tashi da kanta. Ni nake ɗaga ta daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa mota. Abin da na koya a ɗakin rawa shi ya yi mini rana a nan. In lanƙwasa gwiwa, in bar bayana a miƙe, in jawo ta har ƙirjinta ya haɗu da nawa, in tashi da ƙarfin cinya don kada in ji ciwo a baya. Ita kuma ta zagaye wuyana da hannayenta biyu, ta sa bakinta kusa da kunnena, ta ƙirga mana: "Ɗaya, biyu, uku, Yaya." Wadda ba ta taɓa ƙirga kiɗa ba, ita ta koma mai ƙirga.

Wani dare bayan na kwantar da ita, ta riƙe hannun rigata ta ce, "Yaya, na yi miki nauyi ko?" Na yi murmushi na ce, "Ke ɗin? Ai ba ki kai komai ba." Ta saki rigar, ta juya fuskarta bango. A lokacin na ɗauka na kwantar mata da hankali. Gaskiya ce kuma na faɗa, don ta rame ƙwarai. Sai bayan ta tafi na gane ba nauyin jiki take tambaya ba, kuma amsar da na ba ta ta rufe mata ƙofar maganar da take son mu yi. Mako uku bayan wannan daren Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta.

Ban yi kuka ba. Masu zuwa ta'aziyya suka yi ta yaba dauriyata, ni kuma na riƙe yabon nan gam kamar wani aiki da aka ɗora mini. Mahaifiyarmu ta zube, sai na zama mai riƙe ta. Duk wanda ya tambaye ni ya nake, in ce da sauƙi, in kawo wata maganar. Bayan mako biyu na koma koyarwa. Ina shiga aji, in ƙirga, in gyara tsayuwar ɗalibai, in fita. Amma tsara rawa ta tsaya mini cik. In na kunna kiɗa na tsaya gaban madubi, babu abin da ke zuwa. Jikina ma ya sauya: kafaɗuna suka ɗage kusa da kunne, numfashina ya tsaya a saman ƙirji, da asuba kuma nakan farka in tarar hannayena a lanƙwashe a gabana, da faɗin jikin mutum a tsakaninsu. Wata goma sha ɗaya na yi a haka.

Sai wata rana bayan aji, ɗalibaina biyu suka tsaya suna jan ƙafa. Babbar shekararta 19, doguwa, mai ƙarfin baya. Ƙaramar 17, mai laushin jiki, ba ta cika magana ba. Babbar ta ce, "Malama, muna so ki tsara mana rawar mutum biyu don wasan ƙarshen shekara. Lirikal muke so. A kan rashi, amma kada ta ƙare a duhu." Na buɗe baki zan ce ba ni da lokaci, sai na ji na ce to. Har yau ina ganin da sun zo da wata buƙatar da na ƙi.

Ga wanda bai san ta ba, rawar lirikal ta samo tsayuwar jiki da miƙewar ƙafa daga rawar bale, ta samo 'yancin ƙugu da kafaɗa daga jaz, ta kuma ari faɗuwa da aikin ƙasa daga rawar zamani. Abin da ya bambanta ta shi ne tana bin ma'anar waƙa da numfashin mawaƙi fiye da bugun kiɗa. Motsi yana kwarara daga wannan zuwa wancan, ana jan taku har ƙarshen sautin, ba a datse shi. Daɗinta ke nan, tarkonta ma ke nan, domin abu ne mai sauƙi a yi ta mai kyan gani alhali babu komai a cikinta.

Cikin tarkon na faɗa. Mako goma muke da shi, waƙar kuma minti uku da daƙiƙa ashirin ce, muryar mace da fiyano. A mako biyu na gama tsarawa, kuma saurin ma ya isa ya sa in yi shakka. Na raba musu matsayi: ƙaramar ita ce baƙin ciki, za ta sa tufa mai duhu, tana ƙasa tana birgima. Babbar ita ce kyakkyawan fata, tufa fara, tana shigowa daga gefe da hannu a buɗe. Na yanka waƙar gida biyar bisa matakan nan da likita Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana a 1969: ƙin yarda, fushi, neman sassauci, karayar zuciya, sannan rungumar abin da ya faru. Kowane mataki na ba shi ƙirgen takwas sau kaza. In mawaƙiyar ta ambaci zuciya, hannu ya dafa ƙirji. In ta ambaci sama, a ɗaga kai. A ƙarshe fata ta ɗaga baƙin ciki sama bisa kafaɗarta, fitila ta haske su, shi ke nan.

Na gayyaci tsohuwar malamata ta zo ta gani. Ta haura saba'in, tana dogara sanda, amma idonta bai tsufa ba. Ta kalla har ƙarshe ba ta motsa ba. Da yaran suka fita shan ruwa ta ce, "Zo nan, 'yata." Na durƙusa kusa da kujerarta. Ta ce, "Layukan sun yi kyau. Amma faɗa mini, tun da ƙanwarki ta rasu, wace rana ce wani ya shigo da fararen kaya ya ɗaga ki, kika miƙe, abin ya wuce?" Na yi shiru. Ta ce, "To me ya sa kike so yaran nan su faɗa wa mutane haka ake yi?"

Raina ya ɓaci sosai. Na raka ta har bakin ƙofa cikin ladabi, na dawo na zauna a ƙasa ina huci. Kwana uku ina kare aikina a zuciyata. A na huɗu na kunna hoton gwajin da muka ɗauka, na kashe sautin, na kalla. Ba tare da waƙar ba, babu abin da ya rage sai mace ɗaya tana shan wahala da wata tana jiran lokacin shigowarta. Jikinsu bai san juna ba. Na ga kuma cewa na tsara rawar ne yadda zan iya kallonta ba tare da ta taɓa ni ba.

Na koma ga magabata a wannan fanni, waɗanda na karanta tun ina ɗaliba amma ban taɓa buƙatarsu kamar yanzu ba. Na sake kallon rawar Martha Graham ta 1930, Lamentation, wato makoki. Kusan minti huɗu ce, mace ɗaya zaune a kan benci, cikin wani yadi mai talewa da ya rufe ta, fuska da tafin hannu da ƙafa kawai ake gani. Ba ta zagaya dandamali, ba ta share hawaye. Tana tale yadin ne daga ciki, kamar wadda fatar jikinta ta yi mata kaɗan. Graham ta ba da labarin wata mata da ta same ta bayan wasa, wadda ɗanta ya mutu a gabanta a hatsarin mota kuma ta kasa kuka tun daga ranar, sai da ta ga wannan rawar. Na daɗe da sanin labarin, amma a wannan karon da na tuna shi sai da na tashi na fita waje. Dabarar Graham gaba ɗaya a kan numfashi ta ginu: in ka fitar da iska ciki ya ƙanƙance, baya ya lanƙwashe tun daga ƙugu, in ka shaƙa jiki ya buɗe. Ni kuwa na yi kusan shekara ban fitar da numfashi har ƙarshensa ba.

Doris Humphrey, tsararta, ta ɗora nata aikin a kan faɗuwa da farfaɗowa. A ganinta rawa tana rayuwa ne a tazarar da ke tsakanin tsayuwa cak da kwanciya shame-shame, a wannan lokacin da jiki ya bar daidaitonsa bai kuma kai ƙasa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a tsarinta ƙarfin tashi daga cikin faɗuwar yake fitowa. Wanda ya ƙi sakin jiki ya faɗi, ba zai sami abin da zai dawo da shi sama ba. A wajen masu nazarin halayyar ɗan Adam kuma na tarar cewa matakai biyar ɗin da na jera, daga hira da marasa lafiya masu fuskantar mutuwarsu aka fara tsamo su, kuma ba tsani ba ne da mai rashi ke hawa ɗaya bayan ɗaya. Wasu masana biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun kawo wani bayani a 1999 da ya fi kama da abin da na sani: mai rashi kai-kawo yake yi, yanzu yana fuskantar rashin, an jima ya juya ga harkokin rayuwa, ya sake dawowa, wani lokaci duk a yini guda. Da na karanta wannan sai na ga lilo a idona. Na ce to, rawar nan lilo za ta zama.

Na tara yaran na ce mun rushe komai, saura mako bakwai. Babbar ta zaro ido, ƙaramar ta sunkuyar da kai. Na ce babu sauran mai duhu da mai fari, tufa iri ɗaya za su sa. Na kashe waƙar, muka yi mako guda ba kiɗa. Muka koma atisayen raba nauyi, irin wanda ya yaɗu daga aikin Steve Paxton a Amurka tun 1972: su riƙe tsintsiyar hannun juna, tafin ƙafa kusa da kusa, kowacce ta jingina baya har sai in ɗaya ta saki, dukansu za su faɗi. Su haɗa baya su zauna a hankali, su tashi a hankali. Ɗaya ta rufe ido ta zube, ɗayar ta tare ta ta raka ta ƙasa.

A nan matsalar da ta sauya komai ta fito. Ƙaramar ba ta sakin jiki. In an zo ɗagawa sai ta riƙe numfashi, ta ɗan yi tsalle kafin lokaci, ta sandare a sama. Mutane suna zaton wanda ake ɗagawa hutawa yake yi, alhali rabin aikin nasa ne. Dole ya lanƙwasa gwiwa tare da mai ɗaga shi a bugu ɗaya, ya riƙe tsakiyar jikinsa, sannan ya zuba nauyinsa kai tsaye a kan ƙashin abokinsa, a ƙugu ko a kafaɗa, inda ƙashi zai ɗauka ya sauke a ƙasa. Wanda ya ɗan janye don ya rage wa abokinsa wahala, shi ya fi kowa nauyi, domin nauyinsa ya rataye a iska, tsokar hannu da ta baya ce za ta biya. Irin haka ne ake jin ciwo. Babbar ta fara kukan bayanta. Na yi bayani, na sake yi, na zana a takarda. Ranar da haƙurina ya kusa ƙarewa na ce, "Me kike tsoro? Ba za ta yar da ke ba."

Ta ce a hankali, "Na sani, Malama. Ina tsoron in yi mata nauyi ne."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Ɗakin ya yi tsit. Abin da na ji a kunnena muryar ƙanwata ce a daren nan, da amsar da na ba ta. Na tako na tsaya gaban yarinyar na ce, "Kina da nauyi. Kowa yana da shi. Ita kuma ta zo nan ne don ta ɗauka. Ki sakar mata nauyinki." Sannan na ce bari in nuna mata. Na juya ga babbar, na zagaye wuyanta da hannayena biyu, na ce ta lanƙwasa gwiwa. Ban shirya ba, bakina ya ƙirga da kansa: ɗaya, biyu, uku. Na saki jiki.

Tun rasuwar, wannan ne karo na farko da ƙafata ta bar ƙasa, karo na farko da wani ya ɗauke ni. Numfashin da na riƙe wata da watanni ya fita gaba ɗaya, kuka ya biyo shi. Yarinyar nan mai shekara 19 ba ta sauke ni da sauri ba. Ta durƙusa da ni a hankali har muka kai ƙasa, ta bar hannunta a bayana. Ƙaramar ta zo ta zauna ta jingina da kafaɗata. Babu wadda ta ce in yi haƙuri. Da na natsu na ba su labarin ƙanwata, abin da ban taɓa yi a wurin aiki ba. Sai ƙaramar ta ce mahaifinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, kuma tun daga lokacin take ƙoƙarin kada ta zama ɗawainiya ga kowa a gidansu. Ita ce ashe ta roƙi babbar su zo wurina.

Na yi tunani sosai daga baya ko daidai ne malama ta zube haka gaban ɗalibanta. Ina ganin akwai iyaka, kuma bai kamata yara su zama masu jinyar babba ba. Shi ya sa a makon nan na nemi mai ba da shawara kan alhini na fara zuwa, na kuma kira wata aminiyata da na daɗe ina kauce wa kiranta. Ɗakin rawa ya buɗe ƙofar, amma ban bar wa yaran aikin da ba nasu ba.

Daga nan rawar ta fara zuwa, a hankali, ba irin saurin farko ba. Na ari hanyar marigayiya Pina Bausch, wadda a birnin Wuppertal na Jamus takan yi wa masu rawarta tambayoyi su amsa da jiki, daga amsoshin ta gina aiki. Na tambaye su: yaya kike zama a ɗakin da mutum ya bari? Nuna mini hannun da ya miƙa wa wani abu sannan ya tuna ba ya nan. Yaya dariya take zuwa a ranar da ba ki so ta zo ba? Ƙaramar ta kawo wani motsi da ban isa in ƙirƙira ba: ta juya da sauri kamar an kira sunanta, ta tsaya, kafaɗarta ta sauka. Ta ce haka take yi in ta ji takun da ya yi kama da na babanta. Muka sa shi sau huɗu a rawar, kowane karo juyawar tana raguwa, har na ƙarshe ya zama ido kawai.

Na dawo da waƙar amma na hana su kwaikwayon kalmominta. In muryar ta hau sama, sau da yawa su ƙasa suke yi. Wurin da waƙar ta fi zafi, na sa su tsaya cak na ƙirgen takwas guda, suna numfashi kawai. Babbar ta ce, "Malama, ba za a ce mun manta taku ba?" Na ce a bari a ce. Farkon rawar ma shiru ne, ƙirge goma sha shida kafin fiyano ya shigo, suna zaune nesa da juna, ɗaya tana shaƙa lokacin da ɗayar ke fitarwa. A tsakiya na sa wani ɗan yanki mai sauri, suna bin juna, ɗaya ta fara taku ɗayar ta maimaita shi bayan bugu biyu, har da murmushi. Wani abokin aiki ya ce wannan yankin bai dace da rawar rashi ba. Na bar shi, domin ni na san ranar da na tuna wani abin dariya na ƙanwata na yi dariya har cikina ya ƙulle, bayan minti biyar kuma na kasa tashi daga inda nake.

Ƙashin bayan rawar shi ne ɗagawar nan ta hannu a wuya, kuma sau uku take zuwa. Na farko babbar ta ɗauki ƙaramar. Na biyu ƙaramar ta ɗauki babbar, abin da ya ci mana mako biyu, domin ta fi ta tsawo da nauyi. Muka sauke ɗagawar ƙasa-ƙasa, nauyin ya zauna a ƙugu, tafin ƙafa a buɗe, kuma ba a fi taku uku ana ɗauke da ita ba. Ana ganin cinyar ƙaramar tana rawa, ban ɓoye wannan ba. Na uku shi ya fi ba ni wuya. Ƙaramar ta lanƙwasa gwiwa, ta buɗe hannu, ta tashi, amma babu kowa a hannun. Ta yi taku uku da faɗin jikin mutum a tsakanin hannayenta, irin yadda nake farkawa da asuba.

A kan ƙarshen muka fi jayayya. Yaran suna son babbar ɗagawa sama da kai, irin wadda ke sa 'yan kallo tafi. Na fahimce su, sun yi wahala, suna so a ga iyawarsu. Na gwada musu ita sau biyu, kuma ta yi kyau. Amma duk lokacin da na gani sai in ji tambayar malamata. Na ce musu fatan da na sani bai taɓa kai ni sama da kan kowa ba, iyakarsa ya tashe ni tsaye. Abin da muka tsaya a kai shi ne: bayan ɗagawar da babu kowa, ƙaramar ta sulale ƙasa. Babbar, wadda ita ma tana ƙasa tun ɗazu, ta ja jiki ta haɗa bayanta da nata. Ba sa ganin juna. Su kafa tafin ƙafa, su tura baya da baya, su tashi tare ba tare da hannu ya taɓa ƙasa ba. In ɗaya ta rage turawa ko kaɗan, dukansu za su zame. Suna kaiwa tsaye waƙar ta ƙare, fitila ta yi ƙirge huɗu a kansu suna haki, sannan ta mutu.

Ranar wasan na tsaya a gefen dandamali, inda labule ya ɓoye ni. A ɗagawa ta biyu ƙafar ƙaramar ta ɗan goce, zuciyata ta tsinke, sai na ga babbar, maimakon ta janye jikinta don ta taimaka, ta ƙara sakar mata nauyin daidai kan ƙugu, yarinyar ta sami ƙasa ta tsaya. Da fitila ta mutu, ɗakin ya ɗan yi shiru kafin tafi ya tashi. Shirun nan na fi riƙewa.

Mahaifiyata tana cikin 'yan kallo. Ban gaya mata abin da rawar ta ƙunsa ba, na dai ce ta zo. Tun rasuwar ba mu taɓa zama mun yi maganar watannin jinyar ba, kowacce tana tsare ɗaya. Na same ta a kujerarta bayan mutane sun ragu, mayafinta a jiƙe. Ta ce, "Haka kike ɗaukarta." Na ce, "Haka ne, Umma." Ta ce, "Nakan tsaya a bakin ƙofa ina jin tana ƙirga muku." Ban san tana ji ba. Na zauna a kujerar kusa da ita na gaya mata tambayar da ƙanwata ta yi mini a daren nan da amsar da na bayar, abin da na ɓoye shekara guda ina ganin laifina ne ni kaɗai. Umma ta yi shiru, sannan ta ce, "Ni ma ta tambaye ni. Ni ma abin da na ce mata ke nan."

Yau shekara uku da wannan wasan. Na koma tsara rawa, wasu na farin ciki ne zalla. Rashin bai tafi ba. Akwai makon da nake lafiya lau, akwai safiyar da hannayena ke komawa yadda suka saba. Wasu ɗalibai biyu sun karɓi rawar a bana, kuma a jikinsu ta zama wata aba daban, don na bar su su kawo nasu amsoshin. A gwajinsu na farko na lura sabuwar yarinyar tana ɗan tsalle kafin a ɗaga ta, tana riƙe numfashi. Na tsayar da kiɗan, na je na tsaya kusa da ita, na tambaye ta abin da take tsoro. Ta kalli ƙasa ba ta amsa ba. Na ce babu gaggawa, muna da mako goma. Na ce su koma farko, su haɗa baya, a sake.